Ga mai neman ciki da falo a cikin garin Katsina

Salamu alaikum jama'a, na ga ana ta tambayar haya a cikin gari, bari in ɗan faɗi abin da na koya. Ni shekara biyu ina zaune wajen Rafin Daɗi, kuma gaskiya riba ce, masallaci da kasuwa da kemis duk da ƙafa nake zuwa, kuɗin napep ɗin da nake kashewa da can yanzu na cefane ne.

Amma don Allah kar ka biya sisi sai ka je ɗakin da kanka sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i. Da dare ne za ka san ko maƙwabci na da janareta a bakin tagarka, ko akwai majalisar da ba ta tashi sai ɗaya saura. Ka ɗaga kai ka dubi silin, in ka ga tabon ruwa to damina za ka kwana da bokiti, kuma ka leƙa kwatar lungun don wasu lungunan ruwan Agusta har cikin zaure yake shiga.

Ruwa fa shi ne babba, ka tambayi matan gidan ba dillali ba, famfo na zuwa ko sai 'yan garuwa. Mitar wuta ma ka ji ko ta haɗaka ce, nan rigima take.

La'adar dillali ku tsaida ita tun farko, a rubuta takarda da shaidu, in da hali mai unguwa ya sani. Mai mota kuma ya fara neman inda zai kwantar da ita, lungunan wajen Gobarau ko mashin da ƙyar.