Masu shiga Ƙonni sayayya: dalar can ba dalar Amurka ba ce

Salamu alaikum 'yan uwa.

In ka tsallaka Illela ka shiga kasuwar Ƙonni a Nijar, duk kuɗin da aka faɗa maka da Hausa, ninka shi sau biyar. Abin da ya fito shi ne sefar (kuɗin Nijar) da za ka biya.

Dalili kuwa, da dala suke lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan. In mai albasa ya ce maka "ɗari", sefa 500 yake nufi, don sau da yawa ba su ma ambaton dalar.

Jaka ma haka. A nan Sakkwato naira 200 muka sani, can kuwa sefa 1,000 ce. Nan ne ciniki ya fi rikicewa, an yi sallama kowa da lissafinsa a zuci.

Sunan dala ya samo asali daga tala, kuɗin azurfa na ƙasashen Jamus. Irinsa mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza, mai ɗauke da shekarar 1780, fatake sun kawo shi har ƙasar Hausa. Dalar Amurka ma can ta samo suna. Dattawanmu kuma sule biyu suke kira dala.

Amma a kula: in farashin a rubuce yake, ko kuma an faɗa da Faransanci, kar ka ninka, sefa ce kai tsaye.

In ka yi kokwanto, miƙa masa wayarka ka ce, "Alhaji, rubuta min da sefa." Ka ga lambar da idonka kafin a ɗaure buhu.