Masu babbar kyamara, ku zuba kuɗinku a kai kafin ƙafa

Salamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto a Jidda da kewaye.

In za ku saya wa kyamarar 4x5 (babbar kyamara mai fim inci 4 da 5) ƙafa uku, wato abin da ake girke kyamara a kansa, kada ku ɗora kyamarar a kai mai ƙwallo (kai shi ne abin da ke haɗa kyamara da ƙafa). Ku nemi kai mai giya, wato mai juyawa da haƙora irin na inji, kamar Manfrotto 410, ko mai hannu uku. Ƙafar kuwa, ta hannu ma ta wadatar, a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ana samu da sauƙi.

Ga dalili. Kana ƙarƙashin baƙin mayafi, hoto a kife a gilashin baya, kana son miƙar da tagogin katako na Al-Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Da ka sassauta ƙwallo, sai kyamarar ta rinjaya gaba ɗaya, saitin da ka sha wahala a kansa ya rushe. Mai giya kuwa kowace kusurwa da maɓallinta: ka murɗa kaɗan, ta tsaya cak inda ka bar ta.

Kada ka ɗaga sandar tsakiyar ƙafar. Zuga-zugin kyamarar na kama iskar Bahar Maliya, ɗan girgiza kaɗan ya ɓata fim, kuma fim ba arha ba. Ka rataya jakarka a ƙugiyar da ke ƙasan sandar, amma ta taɓa ƙasa, don kada ta riƙa lilo.

Ka duba girman ramin kusar da ake ɗaure kyamara da kai kafin ka biya: akwai 1/4, akwai 3/8 na inci.

Amma 410 ba zai iya da kyamarar 8x10 ba, nauyin ya fi ƙarfinsa. A yashin hamadar AlUla kuma ƙura na shiga haƙoran giya, sai ka rufe kan da leda in ba ka aiki.