Miyar tanif mai kauri ta sha da cokali, yadda nake yinta idan sanyi ya shigo

To 'yan uwa sanyin Zariya dai ya fara buga ƙofa, wanda ya san Disamba da Janairu a garin nan ya san me nake nufi, da asuba ko alwala sai ka ɗora ruwa. Lokacin nan ne nake yawan yin wannan miyar, kuma tun farko in faɗa miki ba miyar tuwo bace, sha ake da cokali kamar farfesu, sai dai ita tana da kauri kamar kunun gyaɗa. Ranar da na fara yi baban yara ya kalli kwanon ya kalleni yace to ina tuwon? Yanzu kuwa shi ke tuna min.

Tanif ɗin nan wasu basu sanshi ba sam. Saiwa ce mai kamar albasa a siffa, ƙasanta fari samanta ja-ja mai sirkin shuɗi, in kika yanka ciki fari tas, ƙamshinsa kuma kamar na kabeji don dangi ɗaya suke. Sanyi yake so shi yasa ba kullum ake ganinsa ba, ni dai wajen masu kayan salak a kasuwar Sabon Gari nake tambaya, wani lokaci in samu wani lokaci ace sai kayan Jos sun iso. In kin je kada girma ya ruɗeki Hajiya, manyan nan su ne masu ɗaci da zare-zare a ciki, ki zaɓi ƙanana waɗanda basu wuce girman lemon zaƙi ba, masu nauyi a hannu, fatar sumul ba yaushi. In da ganyensa a jiki kuma kore shar to sabo ne, kada ki yar da ganyen, ana cinsa kamar alayyahu.

Abin da yasa na riƙe shi shine sauƙinsa a jiki. A giram 100 na tanif kalori wajen 28 ne kawai, dankalin turawa kuwa ya kai 77, sitacinsa ma kaɗan ne sosai in an kwatanta da na dankali, ga sinadarin bitamin C. Don haka mai son rage ƙiba ko mai kaffa-kaffa da suga zai sha ya ƙoshi ba tare da ya cika ciki da sitaci ba.

Na gidanmu mutum biyar ga abin da nake haɗawa: tanif ƙanana shida, dankalin turawa biyu matsakaita, albasa babba ɗaya, tafarnuwa ƙwaya uku, citta ɗanya ɗan guntu, man shanu cokali biyu, romon kaza ko na nama kofi biyar, kindirmo rabin kofi, gishiri da masoro. Attarugu rabi in kina son ɗan yaji, ni ina sawa don bakinmu bai saba da lami ba.

Wajen ferewa ne mutane da yawa ke ɓata abin. Kada ki kankare shi sama-sama kamar karas, ki sa wuƙa ki fere da ɗan kauri don ɗacin a kusa da ɓawon yake taruwa, sannan ki yanka ƙanana daidai da juna don su nuna tare. Ki ɗan ɗanɗana guda ɗanye, in kinji yana da zafi-zafi kaɗan da ɗan zaƙi to lafiya lau, in kuma ɗaci ya bugi harshenki ki tafasa shi shi kaɗai minti biyar a ruwan gishiri ki zubar da ruwan, shikenan kin rabu da shi.

Sai ki ɗora tukunya wuta kaɗan ki sa man shanu, in wanda kika saya wajen 'yan Fulani ne ɗanye ki fara soya shi da albasa ya daina ƙarni. Ki zuba albasar ki barta tayi laushi a hankali kamar minti bakwai zuwa takwas, ba so ake tayi ja ba, in ta ƙone miyar zata yi duhu kuma zaƙin albasar ne ke danne sauran ɗacin tanif ɗin, don haka kada kiyi gaggawa anan, wlh duk daɗin miyar daga nan yake farawa. Ki sa tafarnuwa da citta da attarugu ki juya minti ɗaya, ki zuba tanif da dankali ki juya su sha mai, sannan romo ya biyo baya, ya ɗan rufe kansu kawai ba ya yi musu ambaliya ba, gara ki rage kofi ɗaya a gefe. In ya tafaso ki rage wuta ki rufe, minti 20 zuwa 25 ya isa, in kin danna da cokali ya narke to yayi. Kada ki barshi yayi ta dahuwa, yana fara warin kabejin da ya wuce wuta.

Kaurin nan da santsi dankalin ne ke kawo shi, ba sai kin sayi kirim na gwangwani mai tsada ba, biyun nan kawai sun wadatar. Ki sauke ki barshi ya ɗan huce kafin ki zuba a blanda, kuma rabi-rabi zaki niƙa kada ki cika, ki ɗora tsumma a kan murfin ki danne. Ni na taɓa zuba shi da zafinsa na cika har wuya, ina kunnawa tururi ya cilla murfin sama, bango da hijabina da hannuna duk suka samu rabonsu, sati guda ina shafa magani. In an ɗauke wuta, wanda dama ba abin mamaki bane, ki sa maburgi ki burge shi a cikin tukunyar sosai sannan ki tace a rariya kina dannawa da bayan ludayi, yana fita sumul har ya fi na blanda wani lokacin.

Ki mayar tukunya ki duba kaurin, in yayi yawa ki ƙara romon da kika rage, ki gyara gishiri ki barbaɗa masoro. Kindirmo shi ne na ƙarshe kuma sai kin kashe wuta, in ya tafasa a ciki tsinkewa yake yayi gudaji-gudaji ba kyan gani. Dabarar ita ce ki ɗebi miyar ludayi ɗaya ki dama da kindirmon a wani kwano ya ɗau ɗumi, sannan ki juye a tukunya kina juyawa. Ki nemi kindirmo sabo wanda bai yi tsami sosai ba, in babu yogot marar suga ma yana yi, amma dan Allah ki duba robar da kyau kada ki zuba mai zaƙi.

Ganyen nan da nace ki ajiye, ki yanka siriri ki soya sama-sama da ɗan mai da albasa ki ɗora a saman kowane kwano, in kina da soyayyar gyaɗa ki daka ta ɗan farfashe ki watsa. Mu da burodi gasasshe muke sha da daddare, yara kuma na yayyaga musu naman kazar da nayi romon a ciki. In ta ragu tana kwana biyu zuwa uku a firji, sai dai wajen ɗumamawa wuta kaɗan kina juyawa, da kinga ta fara tururi ki sauke kafin ta tafasa saboda kindirmon.