Yadda ake haɗa takin tana ba tare da an kwaso gubar dalma ba

Mutanen Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara ba su manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda niƙan dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Mai son kiwon tana don taki a wannan yanki sai ya yi hattara, domin tana ƙasa take ci. Ba ta narkar da dalma. Wani kaso ya maƙale a jikinta, saura ya fita a kashinta, wato takin da kake jira.

Fara da mazubi. Yanka durom na roba gida biyu, ka huhhuda ƙasansa, ka ɗora kan bulo a inuwa. Rami a tsakar gida ya fi sauƙi, na sani, amma ba ka san me ƙasar ta sha ba.

Sai tanar kanta. Kada ka tono ta a bakin kududdufin da ake wankin dutse, ko kusa da injin niƙansa, komai ƙibarta. Nemo ta a lambun da ke nesa da wurin haƙa.

Abinci shi ne inda aka fi yin kuskure. Ba ta kashin shanu da ya huce, da ɓawon kayan miya, da yankakken karan dawa. Sharar tsakar gida kuwa, bar ta, musamman idan akwai mai komawa gida da ƙurar dutse a riga da takalmi. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutse ma kada ya zama murfi. Yayyafa ruwa mai tsabta, damshi kawai ake so, ba caɓi ba. Wata biyu zuwa uku taki ya yi.

Kaji fa? Rufe durom da raga. Kaza ta tsinci tana mai dalma, gubar ta kai ga ƙwai, ƙwan kuma yaro za a soya wa.

Kafin ka zuba takin a gadon alayyafo, kai samfurinsa ɗakin gwaji. Idan har da tana za a gwada, ajiye ta kwana ɗaya kan jiƙaƙƙiyar takarda ta fitar da abin da ke cikinta. In aka sami dalma, kada ka ƙona, wuta ba ta kashe ta. Binne komai a rami mai zurfi, nesa da rijiya da wurin wasan yara.