Akwatin ƙwayoyin wasa: inda kafintoci suka fi yin kuskure

Wanda ya saba da ƙwayar ludo mai fuska 6 zai ɗauka ƙera mata akwati ba wani aiki ba ne. To amma wasannin tebur irin Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, da ƙwayoyi 7 ake buga su: mai fuska 4, da 6, da 8, da 12, da 20, sai guda biyu masu fuska 10. Kowacce da siffarta, kuma daga nan matsala take farawa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne a fara zana adon murfi tun ba a riƙe ƙwayoyin a hannu ba. Ƙwaya mai fuska 20 takan kai kusan milimita 20 daga fuska zuwa fuska, amma daga tsini zuwa tsini tana kusantar 25. Kafinta ya auna ta ta gefen da ya fi sauƙi, ya haƙa rami daidai wannan awo, sai ta ƙi shiga, ko ta shiga murfi ya ƙi rufuwa. A auna ta inda ta fi faɗi, a ƙara kaurin ƙyallen da za a shimfiɗa, sannan a bar ɗan wurin da yatsa zai shiga ya ɗauko ta. Mai fuska 4 ma, wadda take kamar dala, in raminta ya matse sai an kifa akwatin kafin ta fito.

Sai ɗanyen katako. Katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, ba ta tsawonsa ba. Murfin da aka manne da gam ta kowane gefe, ranar da iska ta bushe zai tsage ko ya bauɗe. A nemi busasshen maɗaci, a ajiye shi a shago na wasu makonni, a kuma zaunar da allon murfi cikin tsagi yadda zai samu wurin motsi. Ni na fi son a haɗa akwatin a rufe gaba ɗaya, sannan a raba murfi da zarto. A haka bakinsu zai dace, zanen jikin katakon ma ya bi juna.

Cikin akwati kuwa kada a bar shi tsirara. Ƙwayoyin ƙarfe suna da nauyi da kaifin gefe, suna lotsa katako, na roba kuma suna karcewa. Karan-miski ko fata mai laushi ya wadatar. Kada kuma a shafa mai a ciki, domin a rufaffen wuri warinsa yakan daɗe bai fita ba.

Maganaɗisun da ke riƙe murfi a rufe fa? A gwada fuskar da ke jan ’yar’uwarta, a yi mata alama kafin a sa gam. In an juya ɗaya, murfin turewa zai yi maimakon ya kama.

Sassaƙa ita ce ta ƙarshe. A kan siririn murfi kada zurfinta ya wuce sulusin kaurinsa, a kuma nisanta ta daga kusurwoyi da wurin maganaɗisu, inda katakon ya riga ya yi rauni.