Matakan Tsara Kuɗin Kamfen ga Ɗan Takarar Kansila a Kebbi

1. Ka fara da karɓar ƙa'idojin hukumar zaɓe ta jiha, KESIEC, a Birnin Kebbi, domin ita ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi 21 na jihar, ba INEC ba.

2. Ka buɗe asusun banki na kamfen kaɗai.

3. Duk gudummawar da ta shigo, ko kuɗi ce ko buhun shinkafa ko aron mota, ka rubuta sunan mai bayarwa da rana da kimarta, kada ka karɓi abin da mai shi ya ƙi bayyana kansa, domin irin wannan kyauta takan dawo da sharaɗi bayan zaɓe.

4. Ka adana rasit na fosta da man fetur, kuma kada ka ware ko sisi don sayen ƙuri'a, wanda laifi ne a doka.