Yadda Ake Fama da Ciyawar Teku a Wasan Zamiya da Iska

Mai wasan zamiya a kan teku, wanda yake tsaye bisa allo yana riƙe da filafili iska tana tura shi, yakan mayar da hankalinsa kan iska da igiyar ruwa, alhali abin da ya fi kayar da shi a wasu gaɓoɓin yana ƙarƙashin ƙafarsa. A ƙasan allon daga baya akwai fiffike mai yanka ruwa, wanda shi ne yake hana allon zamewa gefe. Da zarar silin ciyawa ya naɗe a gaban fiffiken, gudu yakan ragu, allon ya yi nauyi kamar ana jan sa daga baya, kuma bayansa yana iya sulluɓewa farat ɗaya. Idan kuwa tarin ciyawa aka afka wa cikin gudu, allon yakan tsaya cak, filafilin ya finciki mutum ya wurga shi gaba, musamman idan ƙugiyar ɗamarar da yake ɗaurawa a ƙugu tana maƙale da igiyar mariƙin filafilin.

Aikin farko a bakin gaɓa ake yin sa. A duba launin ruwa, domin baƙin tabo ko doguwar shimfiɗa mai ruwan ƙasa alama ce ta ciyawa, kuma ciyawar da ta kafu a ƙasa takan nuna cewa akwai duwatsu ko wurin ba shi da zurfi. A san lokacin janyewar ruwa, tunda a lokacin ne ciyawar da take nutse take tasowa daidai tsayin fiffike. Iskar da ta kwana tana busowa daga teku kuma takan tara mai yawo a bakin gaɓa. Tun daga shekarar 2011 ciyawar sargasum take mamaye gaɓoɓin Karibiyan da Meziko da Afirka ta Yamma, a gaɓar Kalifoniya kuwa akwai ciyawar kelp, wadda tsawonta kan wuce mita 30.

Maganin da ya fi aiki shi ne sauya fiffike. Akwai wanda aka ƙera musamman saboda ciyawa, an kwantar da shi baya da kusan digiri 45, ta yadda duk abin da ya taɓa shi zai zame ta ƙarshensa ya wuce. Yana rage gudu kaɗan, ba ya kuma iya tafiya zuwa inda iska take busowa kamar miƙaƙƙen fiffike, shi ya sa wasu suke ƙin ɗaura shi. A ganina wannan rowa ce marar riba, domin miƙaƙƙen fiffike mai ɗauke da ciyawa ya fi kowane irin fiffike rage gudu.

Idan ciyawar ta riga ta kama, kada a nace da jan filafili da ƙarfi, a cire ta tun tana kaɗan. Gwani yakan yi ɗan tsalle a kan ƙaramar igiyar ruwa, fiffiken ya fita daga ruwa, ciyawar ta faɗi. Wanda bai kai nan ba sai ya cire ƙugiya, ya juya hancin allon ya fuskanci iska har ya tsaya ya ɗan ja da baya, ruwa ya wanke ta. Idan ta ƙi, a sauka a cire da hannu, ana riƙe da allon, ana kuma kiyaye kaifin fiffiken, don yana yanka.

Faɗawa cikin ciyawa mai kauri ya fi tsoratarwa fiye da haɗarinsa, muddin mutum bai ruɗe ba. Mutsu-mutsu da juye-juye su ne suke naɗe ta a ƙafa da ƙugiya. A kama allo tukuna, a warware ta sannu a hankali, a share wadda ta hau kan filafili kafin a ɗaga shi, domin nauyinta da na ruwa yana iya sa wa mutum ciwon baya. Rigar ruwa mai rufe jiki tana da amfani, saboda ƙananan halittun da ke zaune cikin sargasum suna sa ƙaiƙayi.

Wadda ta taru a gaɓa tana ruɓewa ita ce ba a wasa da ita. Tana fitar da iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda take sa ciwon kai da jiri da wahalar numfashi. A 2009 wani doki ya mutu, mahayinsa ya suma, bayan sun nutse cikin ruɓaɓɓiyar ciyawa a gaɓar Brittany ta Faransa. Kada a haɗa kaya kusa da irin wannan tarin, kada a taka ɓawon da ya bushe a samansa, a kuma sa takalmin ruwa wajen ratsa duwatsu masu gansakuka. Bayan an fito a wanke allo da fiffike da filafili, a shanya su kafin a kai su wani ruwan, don kada a dasa ciyawar inda babu ita.